Ranar Da Marini Ya Wanke Hannu

Yau kwana talatin da huɗu ke nan da Umma ta sallami kawun Dogo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ci masa fuska ba. Ruwan sanyi ta sa na kai masa, ta bari ya gama jawabinsa tsaf, sannan ta ce, "Ku yi haƙuri, 'yata ba za ta auri marini ba."

Da aka je wurin Baffa, ƙanin marigayi Abba, sai ya ce shi bakinsa na bin na uwar yarinya. Magana ta mutu a nan.

Tun ranar ban ƙara sa Dogo a idona ba. Umma ta hana ni taka layin marina, ta hana ni ɗaga wayarsa. Shi ma bai kira ba. Na san halinsa, ko zai mutu ba zai tsallake maganar Umma ba, don a gabanta ya girma. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kawo shi wurin Abba koyon rinin zare, da Abba ya rasu kuma shi ya riƙe wurin. Abba ne ya laƙaba masa Dogo, har ainihin sunansa ya ɓace.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, sana'ata surfani. Zanen gado, rigar matashi, kyallen bango, duk da allura da hannu nake yi. Mutane na cewa aikina kamar zai yi magana. Abin da ba su sani ba, rabin maganar daga tukunyar Dogo take fitowa.

Duk abin da na gani ya tsaya mini a rai, wurinsa nake kaiwa. Ɓawon albasa, ganyen da ya fara ƙonewa a baki-baki, ɓarɓashin tsatsa daga tsohuwar ƙofa. Wata rana gashin wuyan tantabara na tsinta. Ya ɗaga shi sama, ya juya shi a rana, ya ce, "Auta, kin ɗauko mini rigima. Launi uku ne suke kokawa a waje ɗaya." Kwana biyar ya yi a kai. Ranar da ya miƙo mini zaren, sai da na nemi wuri na zauna.

Yanzu ga ni zaune a ɗakina, ga yadi a ɗaure, ga allura a hannu, babu abin da ke tafiya.

Wata malamar asibiti ce ta kawo mini aikin. Tsohon zanen mahaifiyarta ne, saƙar hannu, asu ya cinye shi saura guntu kamar tafin hannu biyu. So take in fitar da adon da ke jikinsa a kan sabon yadi, ta rataye a falonta. Na gama shuɗin, na gama ruwan ƙasar da ragowar zaren da nake da shi. Saura jan. Ja ne da ya sha wanki da rana shekara arba'in, ya kwanta, ya yi sanyi kamar muryar tsohuwa. Na zaga shagunan zare huɗu. Duk jan da suka nuna mini ihu yake yi.

*

Da la'asar Gwaggo ta faɗo ɗakina ko sallama babu. Yayar Abba ce, kuma tun da Manaja ya fara zuwa gidanmu ta tare a wurinmu kamar an ɗauke ta aiki.

"Tashi ki sake wannan koɗaɗɗen mayafin, ya zo. Ki shafa ko hoda ce, fuska kamar an aiko miki da mutuwa."

"Gwaggo, aiki nake."

"Aikin me? Tun safe allurar nan a wuri ɗaya take, ina ganinki ta taga. Mu da muka tashi da warin rini har a kofin shayinmu, mu muka san daɗin mutumin da ke ƙamshin turare. Wuce mu je!"

Manaja shi ke riƙe da wani kamfanin surfanin inji a bakin babban titi. A wurin baje kolin sana'o'i ya ga aikina, ya nemi lambata, daga maganar aiki ya zarce gaida Umma. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Bai taɓa faɗa mini maganar banza ba, kuma har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Umma.

Na same shi a falo da wani akwati mai faɗi a kan cinyarsa. Bayan mun gaisa ya buɗe shi yana murmushi.

"Gwaggo ta ce zare ya yanke miki. Ga launi ɗari biyu da arba'in, kowanne da lambarsa. In ya ƙare, lambar kawai za ki turo mini."

Zaren na ta ƙyalli, a jere reras kamar 'yan makaranta. Na yi godiya, na koma ɗaki na ɗauko guntun zanen malamar asibitin, na ɗora a kan akwatin.

"Wannan jan nake nema."

Ya duƙa ya duba, ya zaro guda uku ya gwada, ya mayar. Sai ya yi dariya.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ja ne da ya koɗe. Ki sa mata lamba goma sha takwas, za ta fi murna. Wa zai biya a yi masa tsohon abu?"

"Na mahaifiyarta take so."

"To, shi ke nan. Amma ki ji ni da kyau. Na ware miki ɗaki a kamfani, da teburin zane da na'urar sanyaya wuri. Ke dai ki zana, inji ya ɗinka. Abin da kike wata guda kina huda yatsa a kai, awa ɗaya ya ishe shi. Ba na son idanun nan su mutu a kan allura."

Daga bayan labule Gwaggo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan!"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya rage murya.

"Na san akwai wani a ranki. Ban zo da ƙarfi ba. Umma ta ce in ba ki lokaci, zan ba ki. Amma ni ma mutum ne, Auta. Kullum na fita daga gidan nan sai in ji kamar na yi sallama a kango."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. Na ce ya gaida gida.

*

Washegari da hantsi na sami Umma a tsakar gida tana ninke wanki. Na kama mata bakin zanen gado muna ninkewa, har muka haɗu a tsakiya. A nan na riƙe hannunta.

"Umma, don Allah me Yaya Dogo ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba."

"Ke kika ce duk cikin yaran Abba babu mai amanarsa. Ke kike zuba masa abinci da hannunki."

"Har gobe zan zuba masa."

"To, me ya sa?"

Ta zare hannunta, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne.

"Kina can wajen karatu lokacin da ciwon Abbanku ya yi tsanani, shi ya sa kike tambaya. Kin ga tarin, ba ki ga ƙarshensa ba. Wata goma sha ɗaya, Auta. Wata goma sha ɗaya ina tallafe da mutumin nan yana neman numfashi kamar wanda aka danna a ruwa. Tsumman da yake tari a ciki ni nake wankewa, in ɓoye don kada yayyenki su gani. Likita ya ce garin rini da tururin soda ne suka cinye masa huhu. Shekara talatin yana shaƙa."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Kin san abin da ya ce mini saura kwana biyu? Ban da ni, ban da ku, cewa ya yi a faɗa wa Dogo ya sauke tukunyar shuɗi kada ta wuce. Ina riƙe da kansa, yana zancen tukunya!"

"Umma..."

"Bari in gama. Na so mahaifinki yadda kike son yaron nan, har ma fiye. Ni ma hannunsa na gani na mutu a kai, hannun nan mai shuɗi har gwiwa. Uwata ta hana, na ƙi ci na ƙi sha sai da aka ba ni. Ga ni nan, ki dube ni. Shekarata hamsin da biyu, shekara shida ina kwana ni kaɗai. Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, ba yarinya ba ce ke. In ba kya son Manaja, ki bar shi. Amma ba zan ɗauke ki da hannuna in ajiye ki inda na tashi ba."

Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta. Kuka nake, tana yi, tana shafa mini kai.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji ta. "Ki yi haƙuri, zai wuce."

Na dai san kwana talatin da biyar bai rage ko ƙwayar zarra ba.

*

Ranar Laraba na ce zan je sayen allura. Allah ya sani allurar na fita saya. Amma da na iso mararraba, ƙafata ta karya hagu da kanta.

Tun daga bakin layin na ga sauyi. A da, kafin ka hango marinar za ka hango igiyoyin shanya, zare na lilo a kai, kore, rawaya, ruwan goro, shuɗi kala-kala. Yara kan tsaya kallo in an taso su daga makaranta. Yau igiyoyin fayau suke. Tukwanen an kife su a jikin bango, kwatar da kullum ke gudu da ruwa mai launi ta bushe ƙayau. Ga ƙaton kwaɗo a ƙofa.

Tsohon kafintan da ke maƙwabtaka da shi ya ajiye zarto ya leƙo.

"A'a, 'yar gidan marigayi? Ai mutumin naki ya rufe, yau mako uku. Na yi masa magana har bakina ya gaji. Na ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, ya ce shi ma ya sani."

"Baba, ina ya tafi?"

"Yana shagon kayan lantarkin nan na kusa da tasha. Wai ya zama ma'aikaci." Ya girgiza kai. "Layin nan ya zama kamar an ɗauke wuta."

Ban san yadda aka yi na isa tashar ba.

Shago ne dogo, fitilu farare tas a sama, kwalaye har rufi. Can ƙarshen kanta na hango shi, ya ba ni baya, yana auna wa wani mutum waya da ma'auni. Farar riga ce a jikinsa mai tambarin shagon a aljihu, ta yi masa gajarta a hannu. Ya rame. Sai da mutumin ya tafi ya juyo.

Ma'aunin ya suɓuce masa.

"Auta."

Hannunsa nake kallo. Tun ina 'yar shekara goma na san hannun nan, ban taɓa ganin ainihin fatarsa ba. Yau ga shi fes, ya yi fari-fari, yana saɓa a tsakanin yatsu, farcen an yanke shi har nama.

"Me ka yi wa hannunka?"

Ya mayar da su baya kamar yaron da aka kama.

"Wankewa na yi. Lemun tsami da toka, safe da yamma. Na ƙarƙashin farcen ne ya ba ni wahala." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Umma ta san kin zo?"

"Na je marina."

Ya duƙa ya ɗauki ma'aunin.

"Yaya Dogo, na je marina na ga kwaɗo. Tukwanen Abba a kife kamar gidan da aka yi gobara. Wa ya ce ka yi haka?"

Ya dubi maigidan shagon da ke can bakin ƙofa yana waya, sannan ya matso, ya rage murya.

"Umma cewa ta yi ba za ta ba marini ba. Ba ta ce ba za ta ba ni ba. Na kwana na tashi da maganar nan, na ga ƙofa ɗaya ce ta rage. Yanzu ni ba marini ba ne. Ranar Asabar zan zo da kaina in nuna mata."

"Ka tambaye ni?"

"Ta yaya zan tambaye ki, an hana ni kiranki?"

"Umma ta yanke nata, Gwaggo ta yanke nata, Manaja har ɗaki ya ware mini. Kai kaɗai nake cewa ka san ni, ashe kai ma yanke mini za ka yi."

"Auta, ki ji tausayina. Kwana goma na yi bayan an sallami Kawu ina kunna wuta ina kashewa. Duk abin da na tsoma sai ya fito kamar ruwan wanki. In na ji motsi a bakin ƙofa sai in ɗaga kai, in ce ga ta nan ta kawo mini wata rigimar. Ba kowa. To, rinin me zan yi? Wa zan rina wa? An ce in zaɓa, na zaɓe ki. Laifi ne?"

Hawayen da nake riƙewa ya ɓalle. Na buɗe jaka neman hankici, sai guntun zanen malamar asibitin ya biyo hannuna ya faɗi a kan kanta.

Kafin in ɗauka ya riga ni.

Na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya murza kyallen tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya matsa inda hasken rana ke shigowa ta ƙofar baya, don fitilar shagon ƙarya take wa launi. Idonsa ya kawo haske irin wanda na sani.

"Kai! Wannan ba jan kanti ba ne, na saiwa ne. Dubi yadda ya tsufa bai mutu ba. In za a kamo shi, ba da ja za a fara ba. Sai an fara shimfiɗa masa ruwan ɓawon albasa, mara ƙarfi, a bar shi ya sha iska, sannan a..."

Ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon kyallen. Sannan ya ninke shi a hankali, ya ajiye a gabana, ya janye hannunsa.

"Ki gwada shagunan cikin kasuwa," ya ce. "Wataƙila a dace."

"Ka ga abin da nake faɗa? Ka ga kanka yanzu? Minti ɗaya ka dawo mutum, ka sake mutuwa a gabana. Haka zan riƙa kallonka shekara da shekaru, kana auna waya, ina sane ni na kashe ka?"

"Zan saba."

"Ba za ka saba ba. Ranar da muka yi faɗa, ko ba ka faɗa ba zan gani a idonka."

"Wallahi ba zan taɓa..."

"Dogo!" maigidan shagon ya ƙwala kira. "Ga mutane na jira!"

Ya dube ni, idonsa ya yi ja wur.

"Asabar, bayan la'asar. Don girman Allah kada ki ɓata mini, Auta. Ba ni da wani abin da ya rage."

Na fito ban sayi allurar ba.

*

Ya zo shi kaɗai, cikin tsohuwar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa inda ya saba zama tun yana yaro. Umma na kan doguwar kujera, Gwaggo a gefenta ta cika ta yi fam. Ni ina tsaye a bayan labulen ɗakina.

"Umma, na zo ne in shaida miki na bar rini. Na rufe wurin, na kama aiki a shagon kayan lantarki. Akwai mai son ɗakin, zai mayar da shi wurin ajiyar siminti, Litinin zai zo. Amma wurin na Abba ne, ba ni da ikon ba da shi." Ya zaro mabuɗi daga aljihu ya ajiye a kan darduma. "Ga shi, na dawo da amana."

"To, sai aka yi yaya?" in ji Gwaggo. "Daga warin rini an koma yaron shago. Ina laifin wanda ya..."

"Yaya, dakata," in ji Umma. "Dogo, miƙo hannunka."

Ya matso da gwiwa ya miƙa. Ta kama, ta juya tafin, ta juya bayan, ta bi farcen ɗaya bayan ɗaya.

"Da me ka goge?"

"Lemun tsami da toka."

"Ya yi zafi?"

"Kaɗan, Umma."

Ta saki hannun, ta juya fuskarta ga bango. Da ta juyo, muryarta a dushe take.

"Kusan shekara talatin ina roƙon maigidanka ya yi abin da ka yi, bai yi ba. Tunda ka iya, ba ni da sauran magana. Ka turo kawunka. Na ba ka."

Gwaggo ta saki salati. Dogo ya kifa goshinsa a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza.

Abin da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ke nan. Na sha kwatanta yadda zan ji, na ɗauka tsalle zan yi. Sai ga shi jikina ya yi sanyi ƙalau. Na ɗaga labulen na fito, na durƙusa a tsakiyar falon.

"Umma, ki gafarce ni. A haka ban yarda ba."

Dogo ya ɗago kai kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Yau na ga ikon Allah!" in ji Gwaggo. "An hana ki kin yi kuka, an ba ki kin ce ba kya so. Ke wace irin 'ya ce?"

"Ina son sa, Gwaggo. A gaban Umma nake faɗa, ban taɓa son wani ba, ba kuma zan so ba. Ki faɗa wa Manaja ya yafe mini, kada ya ƙara ɓata lokacinsa." Na juya ga Umma. "Kin ce ba za ki ajiye ni inda kika tashi ba. Na ji, kuma ban ga laifinki ba. Amma ke kin yi shekara ashirin da tara da mijinki yana raye, yana dawowa gida yana ba ki labarin abin da ya fito daga tukunya kamar an yi masa haihuwa. Ni wanda za ki ba ni, na je na gan shi a shagon nan. Yana numfashi lafiya lau, Umma, amma ba ya nan."

"Auta," in ji Dogo, "na roƙe ki."

"Ka roƙe ni, na ji. Ni ma ina roƙonka ka yafe mini. Ba zan iya zama dalilin rufe wurin nan ba."

"To, ya kike so in yi? In na buɗe, Umma ta hana. In na rufe, ke kin ƙi. Ina zan sa kaina?"

"Ban sani ba," na ce, kuka ya ci ƙarfina. "Wallahi ban sani ba."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe a hankali kamar tsoho, ya ce, "Umma, na gode. Allah ya ƙara girma." Bai dube ni ba. Na ji ƙarar ƙofar gida, na ji takunsa har ya ɓace.

Gwaggo ta yi ta faɗa har ta gaji, ta ɗauki jakarta ta ce ta bar mana gidan, tunda ba a san mutunci ba. Mabuɗin na nan a kan darduma, babu wanda ya taɓa shi.

*

Ranar Lahadi ban fito ba. Na kwanta na juya wa yadin baya, wayata a hannu, ina buɗe lambarsa ina rufewa. Ko ya ci abinci? Ko ya tsane ni? Na rasa shi ta hannun Umma, na sake rasa shi ta hannuna, wannan karon ba ni da wanda zan ɗora wa.

Litinin da sassafe na ji an tura ƙofata. Umma ce, sanye da mayafinta na fita da takalmi, mabuɗin a hannunta.

"Tashi ki wanke fuska ki raka ni."

"Ina za mu, Umma?"

"Marina. Kafin mai simintin nan ya riga mu." Ta gyara mayafinta, ba ta yarda mun haɗa ido ba. "Ɗakin nan ko taga babu, ƙofa ɗaya ce kamar kabari. Na yi ta faɗa wa Abbanku, ya ce iska na ɓata masa wuta. Ina so kafintan nan ya duba mini bangon, in ji ko zai fasu gida biyu a fitar da tagogi. Malamar asibitin da kike wa aiki kuma, ki ba ni lambarta. Ina da tambayoyi a kan abin da ake rufe hanci da shi."

Na diro daga gado, na lalubo wayata.

"Ajiye," in ji ta. "Kada ki kira shi. Ban ce na yarda ba, cewa na yi zan je in duba bango."

Na ajiye. Na zura takalmi a hagunce, na sake gyarawa. Da muka fito titi, Umma ce a gaba, tana sauri kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba. A mararraba ta tsaya cak, ta dubi layin da ta yi shekara shida ba ta shiga ba. Na ga ta damƙe mabuɗin da ƙarfi.

"Riƙe mini hannu," ta ce.

Na riƙe, muka karya hagu.